Ribaɗin Wurno da harsashin daular Sakkwato

Idan ana zancen kafuwar daular Usmaniyya, hankali yakan tafi ga fagen fama: Tafkin Kwatto a 1804, faɗuwar Alkalawa a 1808, sai gina birnin Sakkwato a 1809. Babu mai musun girman waɗannan ranaku, amma cin yaƙi daban, riƙe ƙasa daban. Daular da ta rayu kusan shekara ɗari ta tsaya ne a kan garuruwan ribaɗi da aka jera a bakin iyaka, kuma mafi girmansu shi ne Wurno, a kan tudun da ke kallon fadamar gulbin Rima. Ra'ayina shi ne, wanda ke neman harsashin wannan daula ya neme shi a gabashin Sakkwato, a kwarin da ya haɗa Wurno da Goronyo da kuma Rabah da ke kan gulbin Sakkwato.

Lokacin da Muhammadu Bello ya gaji mahaifinsa Shehu Usmanu a 1817, ƙasar ba ta kwanta ba. Gobirawan da aka kora daga Alkalawa ba su ajiye makami ba, Katsinawan da suka ƙi mubaya'a sun kafu a Maraɗi, Abzinawa kuma suna saukowa daga Adar yau da aminci, gobe da hari. Duk hanyoyin nan ta arewa da gabas suke ɓullowa, ta kwarin Rima. Rundunar jihadi kuwa ba sojan albashi ba ce. Malamai ne da manoma da makiyaya, da damina ta faɗi kowa ya koma gonarsa ko garkensa. Bello ya gane cewa iyaka ba ta tsaruwa da mutanen da za a kira daga nesa, sai da waɗanda gidansu da rumbunsu ke kan iyakar. Shi ya sa ya kafa Wurno a wajajen 1830, ya tare a can da kansa, ya kuma ɗora 'ya'yansa da 'yan'uwansa a kan wasu ribaɗoɗin. A Wurno ya rasu a 1837, shekara guda bayan nasararsa a yaƙin Gawakuke, kuma can kabarinsa yake har yau.

Ribaɗi ba sansanin yaƙi kaɗai ba ne, kuma nan ne hikimar take. Ana haƙa gwalalo, a kwaɓa ƙasar da aka fitar, a yi tubali, a tayar da ganuwa mai ƙofofi. A ciki a gina masallaci da makaranta, a ci kasuwa, a zaunar da maƙera da masaƙa da marina da dukawa. A waje kuma ga gonakin tudu na gero da dawa, ga fadama da ke ba da shinkafa in ruwa ya ja, da rani kuma a shiga lambu da jigo, ana jan ruwa guga-guga ana zubawa a fangalin albasa. Bello ya rubuta wannan manufa da hannunsa. A cikin Usulus Siyasa, wadda ya aika wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya lissafa kula da masu sana'a da gina garuruwa da gyaran kasuwanni da hanyoyi a cikin wajiban shugaba. A amsarsa ga Muhammadu Jailani kuwa, ya ƙarfafa zaunar da makiyaya wuri ɗaya, domin a samu damar koyar da su addini da shigar da su cikin tsaron ƙasa.

Mai ja zai ce ai Sakkwato ce hedikwata, can hubbaren Shehu yake, can gidan Waziri. Gaskiya ne Sakkwato ta riƙe alfarmar ilimi da ziyara, amma a duba inda sarauta ta zauna. Sarkin Musulmi Aliyu Babba, wanda ya yi mulki daga 1842 zuwa 1859, Wurno ya mayar mazauninsa, kuma a can Bajamushe Heinrich Barth ya yi zaman jiransa a 1853. A 1885, Joseph Thomson, wakilin kamfanin Turawan Ingila, Wurno ya nufa don ƙulla yarjejeniya da Sarkin Musulmi Umaru. Rabah ma haka: daga can Abubakar Atiku na Rabah, ɗan Bello, ya hau gadon sarauta a 1873, kuma jikansa ne Ahmadu Bello, wanda ya zama hakimin Rabah a 1934 kafin a naɗa shi Sardauna a 1938. Garuruwan iyaka su ne suka riƙa renon shugabanni.

Akwai suka biyu da suka fi wannan nauyi. Na farko, ribaɗi bai kawar da hari ba. Barth kansa ya tarar da mutanen Wurno cikin fargabar Gobirawa, kuma bayan sun kafu a Tsibiri, daga baya a Sabon Birni, ba su daina kai farmaki ba. Amsar ita ce, ba a gina ribaɗi don a shafe abokin gaba ba, an gina shi ne don hari ya tsaya a hari, kada ya zama mamaya. A wannan ma'auni ya cika aikinsa, domin babu wata runduna daga arewa da ta ƙwace kwarin, sai da Turawa suka zo da bindiga mai ruwa daga kudu a watan Maris na 1903. Na biyu, kuma shi ne mai ɗaci: yawancin ƙasar da aka kwaɓa da gandayen da aka nome, hannun bayi ne ya yi su, mutanen da aka kamo a yaƙi aka zaunar a rinji. Wannan ba abin ɓoyewa ba ne. Tarihin da ya yabi wanda ya tsara ganuwa ya manta da wanda ya ɗauki tubalinta a ka, rabin tarihi ne, kuma jikokinsu na cikin mazauna kwarin a yau, da haƙƙinsu a cikin wannan gado.

Kwarin bai daina ɗaukar nauyin Sakkwato ba. Madatsar ruwan Goronyo, da aka kammala a 1984, tana iya riƙe ruwa kubik mita miliyan 942. Daga gare ta birnin ke samun ruwan sha, manoman rani kuma ke shayar da shinkafa da albasa da tafarnuwar da Wurno ta yi suna da ita. Amma ambaliyar 2010 ta nuna abin da sakaci da gyara ke jawowa, ga kuma 'yan bindiga: harin yankin Gandi a ƙaramar hukumar Rabah a 2018, da na kasuwar Goronyo a watan Oktoba na 2021, inda aka kashe mutum sama da 40. Ƙauyukan da aka zaunar don su tsare birni, yau su ne ke kwararowa birni gudun hijira. Ya kamata gwamnatin jiha da ta tarayya da Majalisar Sarkin Musulmi su kai jami'an tsaro su zauna dindindin a waɗannan garuruwa, a gyara hanyoyin ruwan noma, a mayar da manoma gonakinsu kafin damina mai zuwa.