Testosteron da zafin rai

Testosteron sinadari ne da jiki ke sarrafawa a marainan namiji da gidan ƙwan mace, sai dai na namiji ya fi yawa nesa ba kusa ba. Ernst Laqueur da abokan aikinsa suka fara ware shi a Amsterdam a 1935. Shi ke buɗe muryar saurayi, ya tsiro masa da gemu.

Alaƙarsa da faɗa ba ta kai yadda ake zuzuta ta ba. Yakan ɗaga ne gab da gasa, irin su dambe. A wani gwajin Zurich na 2010 ma, matan da aka ba shi sun fi yin adalci wajen rabon kuɗi. Cacar bakin samari kan ruwa a gonakin rani na Kura da Bunkure kuwa, tushenta ba testosteron ba ne, ruwan madatsar Tiga ne da kan yi ƙaranci a gonakin ƙarshen magudana, tumatir na yaushi.