Kuɗin Mota da Fasinjojin Hunkuyi, 1986 zuwa 2023

A cikin nazarin sufuri akwai wata ƙa'ida da ake dangantawa da Simpson da Curtin, wadda ta samo asali daga biranen Amurka. Ta ce in an ƙara kuɗin mota da kashi 10 cikin ɗari, fasinjoji za su ragu da wajen kashi 3. To, amma mutumin da aka gina ƙa'idar a kansa yana da motarsa a ƙofar gida. Ba haka lamarin yake ba a Hunkuyi, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Kudan, arewa da Zariya.

A nan kuɗin mota bin farashin fetur yake yi sau da ƙafa, domin motocin na 'yan kasuwa ne, ƙungiyar direbobi kuma ita ke yanka kuɗi a tasha. A 1986 gwamnatin Babangida ta ɗaga lita daga kwabo 20 zuwa kwabo 39 da rabi. A 1994 ta kai naira 11. A Janairun 2012 ta tashi daga naira 65 zuwa 141, sai da aka yi yajin aiki da zanga-zanga ta sauko 97. Bayan janye tallafi a Mayun 2023 ta haura naira 500. Jirgin ƙasa kuwa, wanda ya isa Kano tun 1911, kuma da shi ne abin hawan talaka, ya durƙushe a daidai shekarun da aka fi bukatarsa.

Abin lura shi ne fasinjojin ba iri ɗaya ba ne. Manomin da ya tsinke tumatir ba shi da ta cewa. Kwando ba ya jiran farashi ya sauko, ko ya biya ko kaya su ruɓe. Haka mai raken Kudan da mai cin kasuwar Maƙarfi. Su dai sukan shiga, sa'an nan su ɗora wa mai saye, in ya ɗauku.

Tafiyar da ke raguwa ita ce wadda ba ta kawo kuɗi: biki, suna, gaisuwar rasuwa, da kai mara lafiya asibitin Shika tun ciwo bai yi nisa ba. Gidan da kan fita mutum biyar zuwa ta'aziyya sai ya wakilta ɗaya, ya ba shi saƙo. Galibi mata ake bari a gida.

Direba kuma yana da tasa dabarar, watau ya sa biyu a gaba, huɗu a baya. Shi ya sa mai ƙirga kawuna a tasha yana iya ganin mota maƙil ya zaci ba abin da ya sauya, alhali motocin da ke tashi a yini sun ragu, jiran lodi kuma ya ƙara tsawo.