Daga Alma-Ata zuwa Barkin Sale: Yadda Asibitin Unguwa Ya Shiga Zauren Majalisar Neja

Matar da ta goya jaririnta daga Barkin Sale zuwa rigakafi, ta miƙa katinsa, aka ɗora shi a sikeli aka ɗiga masa magani a baki, da wuya ta san cewa an shafe shekaru ana ja-in-ja kan wanda zai ɗauki nauyin wannan ƙaramin asibiti.

Tushen maganar yana 1978, shekaru biyu bayan ƙirƙiro Jihar Neja, lokacin da ƙasashen duniya suka taru a Alma-Ata suka amince a kai kiwon lafiya kusa da ƙofar talaka. A Najeriya abin bai kankama ba sai zamanin Janar Ibrahim Babangida, ɗan Minna, wanda ya naɗa Farfesa Olikoye Ransome-Kuti ministan lafiya a 1985. Likitan yara ne, kuma ya san cewa gudawa, ƙyanda da zazzaɓin cizon sauro ba sa buƙatar babban asibiti kafin a daƙile su. A 1988 aka fitar da manufar lafiya ta ƙasa, aka danƙa matakin farko na kiwon lafiya a hannun ƙananan hukumomi, a 1992 kuma aka kafa hukumar tarayya mai kula da shi.

Niyyar ta yi kyau, amma an ɗora kaya a kan wanda ya fi kowa raunin wuya. Ƙaramar hukuma irin Chanchaga, wadda Barkin Sale ke cikinta, ita ce mai biyan albashi, jiha na da nata ikon, Abuja na aiko da allurai. Idan rufi ya yi yoyo ko firijin rigakafi ya mutu, kowa sai ya nuna wani. Mutane suka riƙa tsallake asibitin unguwa suna cika Babban Asibitin Minna da ciwon da malamin sha-ka-tafi zai iya magancewa, wasu kuma suka koma kemis.

Batun inshorar lafiya ma ya bi ta hannun ɗan Minna: Janar Abdulsalami Abubakar ne ya sa hannu a dokarta a 1999. Sai dai ko da ta fara aiki a 2005, galibi ma'aikatan gwamnatin tarayya ta amfana, ba mai tura baro ko mai tuyar ƙosai ba.

Abin da ya jawo majalisun jihohi tsundum cikin lamarin shi ne kuɗi. A 2011 aka amince a tattara matakin farko ƙarƙashin hukuma ɗaya a kowace jiha. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 kuma ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya don asusun kula da lafiya na tushe, wanda bai shiga kasafi ba sai 2018. Kafin jiha ta ɗanɗani asusun, dole ta mallaki hukumar lafiya matakin farko da hukumar taimakekeniyar lafiya, kuma dukansu biyu sai da dokar majalisa. Neja na cikin jihohi uku da aka fara gwaji da su, tare da Abiya da Osun. A zamanin Gwamna Abubakar Sani Bello aka kafa shirin taimakekeniyar lafiya na jihar, wato NiCare, sannan Gwamna Umaru Bago, bayan hawansa a 2023, ya ware wa matakin farko ma'aikata ta kansa.

A ganina, dokokin da ake buƙata yawancinsu sun samu. Inda gizo ke saƙa shi ne lokacin kasafi, sa'ad da kwamishina ke zama gaban kwamitin lafiya na majalisa mai wakilai 27. Ƙungiyoyin likitoci, ungozomomi da masu fafutuka kan tuna wa 'yan majalisa alkawarin Abuja na 2001, wato kashi 15 cikin 100 na kasafi ga lafiya. Wannan daidai ne, amma abin da aka rubuta daban, abin da aka saki daban. Majalisa na da ikon kiran jami'ai ta tambaye su nawa ya isa kowace mazaɓa, ungozoma nawa aka ɗauka, kuma wane asibiti ne ke karɓar haihuwa da tsakar dare. Mazauna Barkin Sale na da damar kai waɗannan tambayoyi ga wakilinsu na Chanchaga tun kafin a zauna kan kasafin baɗi.