Zango da Dajin Rugu: Abin da Ke Tsare Matafiyi a Yammacin Katsina

Wanda ya tashi daga Katsina a mota ya nufi Batsari ko Safana, zai ga ƙasa tana sauya kama a hankali, gonakin gero suna ba duwatsu wuri, har idonsa ya kai ga duhun dajin Rugu, wanda ya miƙe ya shiga Zamfara. Yau tafiyar sa'a ɗaya ko biyu ce. A ƙarni na 19 kuwa kwanaki ake yi, kuma kowane kwana yana da wurin da aka san za a yi shi. Wannan wuri shi ne zango. Mutane sukan ɗauka cewa zango wuri ne kawai da gajiya ta kama fatake suka sauke kaya, amma tarihin wannan yanki yana nuna abin da ya fi haka. Zango yarjejeniya ce tsakanin mai wucewa da mai gari, kuma lafiyar hanya ta rataya ne a kan yawan garuruwan da ke da mutane a bakinta. Duk lokacin da garuruwan suka watse, tazarar da ke tsakanin zango da zango takan ƙaru, daji ya cinye gonaki, hanya ta zama ta masu kwanton ɓauna.

Shaida mafi kusa ita ce tafiyar Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim. A watan Maris na 1853 ya bar Katsina zuwa wajen Sarkin Musulmi Aliyu Babba, cikin ayarin Galadiman Sakkwato. Ba su bi miƙaƙƙiyar hanyar yamma ba, domin labarin rundunar Gobirawa ya cika gari. Sai suka karkata kudu, ta Kuraye da Kurfi, har Zakka, wadda ke ƙasar Safana a yau. Har zuwa nan tafiya ce ta gari zuwa gari: ganuwa, gwalalo, rijiya, kasuwa. Daga Zakka ne magana ta canza, domin sai an keta daji kafin a kai Bunka da Zurmi, kuma abin da Barth ya gani a cikin dajin nan shi ne kufan garuruwan da yaƙi ya tashe su ba da daɗewa ba. Wato wani ɓangare na abin da ayarin ke tsoro, 'yan shekaru kafin nan gonakin mutane ne da masaukin baƙi. Can gaba kuma, a dajin Gundumi, sai da suka yi tafiyar sa'a 26 ba su ya da zango ba. Babu madugun da zai zaɓi wannan wahala don son ransa.

Dalilin watsewar garuruwan sananne ne. Bayan da mutanen Ummarun Dallaje suka karɓe birnin Katsina a wajen 1807, tsohuwar sarauta ta koma arewa ta kafu a Maraɗi, Gobirawa kuma suka zauna a Tsibiri, kusa da su. Daga nan yammacin Katsina ya zama fagen kai hari da ramuwa na shekaru da dama. Ƙasar Ruma, wadda sarautarta ke Batsari yanzu, a bakin wannan wuta ta zauna, shi ya sa ba abin mamaki ba ne da sunan da ya fi fita daga can ya zama na mayaƙi, wato Ɗanwaire. Marigayi Yusufu Bala Usman, a littafinsa kan sauyin da Katsina ta yi daga 1400 zuwa 1883, ya bi diddigin yadda ƙaura da kafa garuruwa masu ganuwa suka sake fasalin ƙasar. Manomi ya gudu cikin ganuwa, falke kuma ya bi shi, domin inda manomi yake nan dawa da harawa suke.

Sai an dubi zango kusa da kusa ake gane dalili. Ayari kan yi sammako, jagaba yana gaba, madugu yana baya yana lura da wanda jakinsa ya gaza, a yi ta tafiya har rana ta take. Idan an iso bakin gari ba a kutsa ciki da dabbobi ɗari-ɗari. A wajen ganuwa ake sauka, kusa da ruwa, a sauke mangala da waga a jera, a yi wa jakai dabaibayi, a kafa 'yan bukkoki na kara da ciyawa, a ja ƙaya a kewaye. Kafin a gama, matan gari sun fito da fura da tuwo, Fulani sun kawo nono, yara suna tallar harawa da itace. Madugu kuma ya shiga gari da gaisuwar sarki, ɗan kanwa ko turmin zane ko goro, ya fito da abin da ya fi guzuri daraja, wato labarin hanyar gobe: wace rijiya ta ƙafe, ina aka ga sawun dawaki. Gari ya ci riba, ayari ya kwana da ido biyu rufe. Idan aka yi wa falke fashi a ƙasar wani sarki, ayarin baɗi zai kauce masa, kasuwarsa ta mutu, don haka tsaron baƙo ya zama tsaron aljihun mai gari.

Wani zai ce ai ruwa ne ke kafa zango, ba sarki ba, tunda jaki bai san yarjejeniya ba, ƙishirwa ya sani. Gaskiya ne babu zango inda babu ruwa. Amma ƙasar Safana ba hamada ba ce, ga koramu da fadamu da gulabe irin su Karaduwa da Bunsuru, kuma kufan da Barth ya wuce ba fari ne ya kore mutanensu ba. Ruwan yana nan, mai tsaron rijiyar ne babu. A dajin da ba kowa, tafki ma tarko ne, domin mahara sun san dole a zo masa. Wani kuma zai ce makami ne ke tsare ayari, tunda fataken Gwanja sukan tafi su dubu ko fiye, da baka da kibiya da masu, har da malamin da ke duba ranar tashi. Wannan ma akwai gaskiya a ciki, sai dai ayarin da Barth ya bi na babban basarake ne mai mahaya, duk da haka sai da ya yi zagaye ya guje wa hanya. Yawan ayari shi kansa alama ce ta lalacewar hanya. Inda garuruwa ke kusa da juna, ɗan koli da jakinsa biyu ma yana ratsawa shi kaɗai.

Akwai suka ta uku da ta fi waɗannan nauyi, kuma ba a kauce mata. Zangon zamanin da ba aljanna ba ne. Cikin kayan da ayari ke ɗauka akwai bayi, cikin masu ɗaukar kayan ma akwai bayi, kuma gaisuwar sarki sau da yawa ƙwace ce da aka sa wa riga. Duk wanda ke kewar zamanin madugai ya tuna da wannan. Amma batun a nan ba adalcin tsarin ba ne, yadda yake aiki ne, kuma ya yi aiki har ya bar sawunsa a harsunan wasu. Fataken goro da suka bi ta Yawuri da Borgu zuwa Salaga sun dasa kalmar a duk inda suka sauka, ta yadda a Kumasi da Ankara da Lome, har bakin teku, unguwar baƙi Musulmi sunanta Zongo. Wurin kwana ɗaya ya zama unguwa ta dindindin mai sarki da limami.

Abin da ya kashe tsohon zango kuwa ba daji ba ne. Yaƙin basasa ya rusa Salaga a 1892, Turawa suka shiga Katsina a 1903, jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ya kai Ƙauran Namoda a 1929, goro ya koma zuwa ta ruwa har Ikko sannan ya hau dogo. Mota ta zo ta haɗiye zango biyar a yini guda, tasha ta gaji aikin. Shekaru da dama sai aka ga kamar matafiyi ba ya bukatar mutanen bakin hanya, man fetur ya ishe shi. Rikicin 'yan bindiga ya ƙaryata wannan zato. Da ƙauyukan gefen Rugu suka fara watsewa, mutanensu suka kwararo Batsari da Dutsinma da Katsina, hanyoyin suka koma yadda Barth ya same su: direba ba ya tashi sai ya tambayi wanda ya fito daga can, motoci suna jiran juna su tafi a jere, ba mai yarda magariba ta same shi a tsakani. A 2021 gwamnatin jihar ta rufe hanyar Jibiya zuwa Gurbin Ɓaure gaba ɗaya, aka koma zagayawa ta Funtuwa kafin a shiga Zamfara, kwana irin wanda Galadiman Sakkwato ya yi ta Kurfi da Zakka shekara 168 kafin nan.