Kambo da Matsalar Matsuguni a Yankin Sinnar

Kambo, wanda jam'insa a Larabcin Sudan shi ne kanabi, zango ne da leburorin gona ke zama a gefen gonakin Jazira. Asalinsa yana komawa ga shekarar 1925, lokacin da Turawan Ingila suka kammala madatsar ruwa ta Sinnar, aka shiga noman auduga na ban-ruwa. Aikin ya buƙaci ma'aikata da yawa, sai Hausawa da Fulani da Barebari, waɗanda da dama daga cikinsu maniyyata ne masu neman guzurin Makka, suka yada zango tare da mutanen Darfur.

An ɗauke su a matsayin baƙi masu wucewa, amma ga shi har jikoki sun girma a wurin. Yawancin mazauna kambo ba su da takardar mallakar filin da suke kai, don haka mutum ba ya zuba dukiyarsa a ginin da za a iya tashinsa gobe, kuma makaranta da asibiti da ruwan famfo ba safai suke isa wurin ba.

Idan muka dubi garin Mai Wurno, kudu da Sinnar, za mu ga bambanci. Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na Farko, ya kawo jama'arsa Sudan bayan yaƙin Burmi na 1903. Da suka sami ƙasar zama tabbatacciya, sai gari ya kafu da masallatai da makarantu da kasuwa.

Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023 ya ƙara dagula al'amarin. Faɗuwar Wad Madani a Disamba 2023, da ta Sinja a Yuni 2024, ta tarwatsa iyalai, wasu suka koma kwana a azuzuwan makarantu.

Darasin da muke ɗauka shi ne, tanti da tukunyar sadaka suna tare yunwar yau ne kawai. Ƙasar Finlan tun 2008 take fara bai wa marar gida muhalli na dindindin, sannan magani da neman sana'a su biyo baya. A wajenmu hanyar ita ce fili mai takarda, gini mai rahusa ta hanyar gayya, wadda 'yan Sudan ke kira nafir, da tallafin zakka da waƙafi, sannan ruwa da makaranta da asibiti kusa da gida. Allah Ya rufa wa bayinSa asiri.