Mafici

Mafici (jam'i: mafitai) abin fifita ne da ake saƙawa da kaba, wato ganyen ƙaramar goruba. A ƙauyukan Anka, Gummi da Bukkuyum na yammacin jihar Zamfara, yana cikin aikin hannu da yara kan koya a gida, kuma kyauta ce da yaro zai yi wa mahaifinsa ba tare da kashe kuɗi ba. Ana shanya kabar, a tsaga ta sili-sili, a jiƙa ta don kada ta karye, a rina wasu silin, sannan a saƙa a ɗaura mariƙi. Ya fi amfani da bazara, daga Maris zuwa Mayu, musamman inda babu lantarki. Ana kuma fifita garwashi da shi. Shigowar mafitan roba ta rage masa kasuwa.