ALHAJI AƘILU ALIYU DA KISHIN HAUSA

Yau za mu ɗan ajiye nahawu mu waiwayi wani fasihi da ya yi wa harshen nan hidima.

An haifi Alhaji Aƙilu Aliyu a ƙasar Jega, cikin Jihar Kebbi ta yanzu, a 1918. Neman ilimin Alƙur'ani ya kai shi Kano, daga nan ya wuce Borno inda ya daɗe, sannan ya dawo Kano ya zauna har rasuwarsa a 1999. Ya yi siyasar NEPU, ya kuma jagoranci ƙungiyar marubuta waƙoƙi ta Hausa Fasaha. A shekarun 1970 kamfanin NNPC na Zariya ya buga wasu waƙoƙinsa a littafin Fasaha Aƙiliya, wanda Ɗalhatu Muhammad ya tace.

Wadda ta fi shafarmu a nan ita ce "Hausa Mai Ban Haushi". A cikinta ya yi wa Hausawan da suka ɗan sha boko tatas, masu ganin harshensu ƙauyanci ne, ba sa iya kai ƙarshen jimla sai sun cusa Turanci. Bai kuma tsaya ga faɗa ba. Baitocinsa cike suke da karangiya, karin magana da kalmomin da ba kullum ake jin su ba, wato ya nuna a aikace cewa Hausa ba ta gaza ba.

To, a lura: aro daban, ingausa daban. Mota, tebur da asibiti kalmomin aro ne da suka bi ƙa'idar Hausa, har suka samu jinsi da jam'i: motoci, tebura, asibitoci. Ingausa kuwa ita ce ka bar kalmar da kake da ita a gida ka ɗauko ta waje ɗanya, ba don rashi ba, sai don burga.

Abin takaici, a makarantunmu na Gwarzo da Kabo, inda yaro ya tashi cikin Hausa tsantsa, yanzu ingausar ta shiga har takardar insha'i, tana cinye wa ɗalibai maki a jarrabawar WAEC da NECO.

Ɗalibai, ku nemi Fasaha Aƙiliya, ku karanta a bayyane, ku fitar da kalmomi goma da ba ku sani ba, ku kai wa dattawan unguwarku su warware muku.

Allah Ya jiƙan Malam Aƙilu, Ya sa Aljanna ce makomarsa.